Sabuwar Hanta, Tsohuwar Cuta

Da yawa daga cikinmu suna zaton idan aka yi wa mai ciwon hanta dashe, to cutar ta tafi tare da tsohuwar hantar da aka cire. Ba haka abin yake ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yi katutu a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, ba a hanta kaɗai take zaune ba. Tana yawo cikin jini, tana kuma laɓewa a wasu sassan jiki. Ga shi kuma dole a ba wanda aka yi wa dashe magungunan da ke raunana garkuwar jikinsa, don kada jikin ya ƙi baƙuwar hantar. Ƙofa ke nan ta buɗe wa ƙwayar.

A 1993, Farfesa Didier Samuel na Faransa da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bincike a asibitocin Turai. Cikin waɗanda ba a ba kariya ba, cutar ta komo wa kashi 75 cikin ɗari a shekara uku; cikin waɗanda aka daɗe ana yi wa allurar garkuwa ta HBIG kuwa, kashi 36 ne.

To, ta yaya take kuɓuta? Nan ne abin mamaki yake. Ƙwayar tana kwafar kanta dare da rana, amma kamar almajirin da ke rubuta allo ba malamin da zai duba masa, ba ta gyara kurenta. Akasarin kurakuran ba sa amfanarta. Amma wani lokaci kure guda, kamar wanda masana ke kira G145R, yakan sauya kamannin rigarta, sai garkuwar ta wuce ta ba ta gane ta ba. Haka ta yi wa lamivudine, maganin da aka amince da shi a 1998: ta sauya ɗan wurin da maganin ke kamawa, har ya zama bayan shekara biyar ana sha, kusan mutum bakwai cikin goma ya daina yi musu aiki. Ba wayo ne da ita ba, a lura. Maganin ne ke murƙushe sauran, ya bar wa mai kuren fili.

Da aka haɗa allurar da maganin sha, sannan entecavir ya zo a 2005, tenofovir kuma a 2008, waɗanda ƙwayar ba ta cika tsallake su ba, komowar cutar ta faɗi ƙasa da kashi goma cikin ɗari. Nau'in C, wanda a da kusan kowa yake komo wa, tun 2013 aka samu magungunan da ke warkar da shi.

Abin da ke damuna shi ne ɗan'uwan da dangi suka sayar da gona da shanu aka kai shi Indiya ko Masar, ya dawo gida ya ji sauƙi, kuɗi suka yanke, ya fara tsallake magani. Na nau'in B danne ƙwayar yake yi, ba ya kawar da ita, kuma barinsa na iya tayar da ita ta cinye sabuwar hantar. Saboda haka tun kafin a hau jirgi, iyali su tambayi likita sunan maganin, da kuɗinsa na wata, da inda za a riƙa samunsa a gida.