Kalangu a Ƙaramar Sakandare: Ina Gizo Ke Saƙa?

Tun da hukumar NERDC ta haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda a manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9, kiɗa ya koma abin da ɗalibin ƙaramar sakandare ke kwafa daga allo, ya haddace domin jarrabawa. Akan ɗora laifin a kan rashin kayan aiki da ƙarancin malamai. Wannan gaskiya ne, amma a ƙasar Hausa ba nan gizo ke saƙa ba. Ko an cika aji da ganguna, tambayar uba ɗaya ce: roƙo za a koya wa ɗansa?

A al'adar Bahaushe kiɗa sana'ar gado ce, kuma tafiyarsa ɗaya da roƙo. Ana son makaɗi ranar biki, ana jinkirin ba shi aure. Ko Mamman Shata, wanda bai gaji waƙa ba, sai da ya sha fama da mahaifinsa a kanta. Duk shirin da ya kau da kai daga wannan damuwa, ajinsa zai ci gaba da zama fayau.

Mafita ita ce a shigo da kayan kiɗa ta ƙofar darasin Hausa. Kalangu magana yake yi: idan aka matse tsarkiyarsa a hammata amo ya hau, idan aka saki ya sauka, kamar yadda karin sautin harshen yake hawa da sauka. Yaron da ya kasa rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya a kan allo, zai ji bambancin nan take a bakin kalangu. Uban da aka nuna wa cewa ɗansa karin sauti yake koyo, kuma ba a aika shi kiɗa wa kowa don kuɗi, ya fi saurin sakin jiki. 'Yan mata kuwa suna da shantu da ƙwarya, wadda Barmani Coge ta yi suna da ita, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Sai dai sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna da nasu kason laifin. An daɗe ana rubuta waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ana feɗe jigo da salo, an bar kotso a bakin ƙofa kamar ba da shi aka yi waƙar ba. Ɗalibin da aka yaye a haka shi ne malamin Hausa na gobe, kuma da wuya ya bambanta kotso da taushi. Kwas guda na aikin hannu, wanda makaɗan gado za su koyar a biya su haƙƙinsu kamar kowane malami, zai rage wannan giɓi. Lokaci kuma ba ya jira, domin a situdiyoyin Kano kwamfuta ta riga ta karɓi aikin makaɗa da yawa, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'in.