Ƙaramar Mota da Jif a Kan Ma'auni

Motocin gida da ake gani a titunan Kano, Kaduna ko Maraɗi sun kasu bisa ƙirar jikinsu, kuma iri biyu ne mai niyyar saye ya fi yin wasiwasi a tsakaninsu. Ta farko ita ce ƙaramar mota mai gajeren baya, wadda but ɗinta yake haɗe da wurin zaman fasinja, ana ɗaga ƙofar bayanta sama tare da gilashinta. Wadda aka fi sani a wannan gida ita ce Volkswagen Golf, da kamfanin na Jamus ya fara fitarwa a 1974. Ta biyu ita ce jif. Sunan ya samo asali daga Jeep, motar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, amma a bakin jama'a yanzu duk mota mai tudu jif ce, tun daga Toyota RAV4 har zuwa Land Cruiser.

Ido yana ruɗi a nan, don haka gara a koma ga awo. Golf samfuri na bakwai, wadda ta fito a 2012, tsawonta daga hanci zuwa baya kusan mita 4.26 ne, faɗinta mita 1.80, daga ƙasa zuwa rufinta kuma mita 1.45. RAV4 samfuri na biyar, ta 2018, tsawonta mita 4.60, faɗinta mita 1.86, rufinta kuma ya kai mita 1.69. Ke nan jif ta ɗara da kusan santimita 35 a tsawo, da kusan taƙi guda a bisa. Sai dai akwai wani awo da dillalai ba su cika ambata ba, wato tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, alhali a cikin wannan tazarar ne ake jera kujeru. Ta Golf kusan mita 2.64 ce, ta RAV4 kuma 2.69. Bambancin bai wuce faɗin yatsu uku ba. Yawancin tsawon da jif ta fi ƙaramar mota da shi ya tafi ne ga hanci da but, abin da ya kai ga gwiwar fasinja kaɗan ne.

Wannan shi ya sa mutum ke shiga bayan jif da zaton zai miƙe ƙafa kamar a falo, ya tarar gwiwarsa na kusa da kujerar gaba. Daɗin zaman jif yana wani wuri dabam. Kujerarta tana sama da daɓen motar, saboda haka fasinja yana zama ne kamar a kujerar ofis, cinya a tallafe, ƙafa ta sauka ƙasa. A Golf kujerar ta fi yin ƙasa, gwiwa na ɗan tashi sama, nauyin jiki ya taru a ƙugu. Daga Kano zuwa Wudil ba wanda zai lura. Amma tafiyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta doshi kilomita 600, takan nuna wa dogon mutum bambancin tun kafin a kai Potiskum.

Shiga da fita ma abin dubawa ne, musamman a gidan da ake kai tsofaffi asibiti. Kujerar matsakaiciyar jif tana daidai ƙugun babban mutum: ya juya baya, ya zauna, ya jawo ƙafafunsa. A ƙaramar mota sai ya sunkuya ya faɗa ciki, a wajen fita kuma ya dafa ƙofa ya yunƙura, abin da mai ciwon gwiwa ke tsoro ke nan. Amma tudun yana da iyaka. Idan ya kai na Prado, Hajiya mai ɗaure da zani sai ta nemi mataki, ta kama mariƙin da ke saman ƙofa, wani jika ya tallafo ta ta baya. Ga mai doguwar hula ko mai gwaggwaro kuwa, rufin jif bai yi nisan da ake zato ba, don wani kaso na tudun ya tafi ga ɗaga daɓen daga ƙasa. Idan motar mai gilashin rufi ce, shi ma yana cin nasa rabon.

Batun faɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Santimita shida ba su isa su mayar da kujerar baya wurin da ƙarti uku za su sake ba, na tsakiya zai sha matsi a kowacce. Dukansu an ƙera su ne don mutum biyar. Abin da ake yi a tasha, na cusa huɗu a baya da biyu a gaba, ba ya cikin lissafin wanda ya ƙera motar, kuma bel ɗin kujera biyar ne kacal. Mai iyali da yawa da ke hangen jif mai layin kujeru uku, irin Highlander, ya kamata ya san cewa layin ƙarshe ya fi dacewa da yara, kuma da zarar an ɗaga shi but ɗin ya tsuke.

A wajen kaya ne jif ta yi zarra ba gardama. But ɗin wannan Golf lita 380 ne, na RAV4 kuma 580. Ƙaramar motar tana ramawa idan aka kwantar da kujerun baya, inda wurin ke kaiwa lita 1,270, har keken ɗinki ko ƙaramin janareta ya shige ta wannan faffaɗar ƙofa, amma fa fasinjan baya sun rasa wuri. Akwai kuma illar da suka yi tarayya a kai, wadda mota mai but a keɓe ta tsira daga gare ta: duk abin da aka sa a baya yana ɗaki ɗaya da mutane. Jarkar fetur, daddawa ko kifin banda, kowa zai shaƙa. Kayan da aka jibga har suka wuce kan kujera kuwa, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya turo su ƙeyar yara.

Ta fuskar inji, yawancin Golf na bakwai masu shan fetur suna ɗauke da inji mai lita 1.2 zuwa 1.8 da turbo, RAV4 kuma lita 2.0 ko 2.5. Jif ɗin ta fi nauyi da kimanin kilo 300, kwatankwacin buhun shinkafa shida da ba a taɓa saukewa, ga faɗin ƙirji da ke tare iska a kan babbar hanya. Waɗannan biyun su ke sa ta fi shan mai. Da can ana iya kawar da kai, amma tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura 500, daga baya ta taɓa dubu, shan mai ya zama tambayar farko a bakin mai saye. Taya ma haka: Golf na sa mai inci 15 ko 16, RAV4 na farawa daga 17, kuma kuɗin na bin girman. A gefe guda, ƙaramin inji mai turbo ba ya jure gurɓataccen baƙin mai ko jinkirin juye. Farin jinin da tsohuwar Golf 3 ta shekarun 1990 ta yi a tashoshin Arewa ya zo ne daga sauƙin injinta da yalwar kayan gyaranta a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, kuma jikokinta ba su gaji wannan sauƙin duka ba.

Tudu yana da nasa farashin a wajen tuƙi. Mota mai bisa nauyinta na sama, tana rinjaya a kwana, kuma ta fi saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari a guje ko taya ta fashe. Na'urar da ke taka wa kowace taya birki da kanta don hana santsi ta rage wannan haɗari sosai. Ta zama dole a kan sababbin motoci a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2014. Jif 'yar Kwatano da ta girmi waɗannan shekaru tana iya zuwa ba tare da ita ba. Haka nan ba kowace jif ce ke jan tayoyi huɗu ba. RAV4 da yawa tayoyin gaba kaɗai ke jansu, kamar Golf, kuma ƙashin jikin samfurin na biyar iri ɗaya ne da na Camry. Masu shasi irin na Hilux, da giyar da ke fitar da mota daga yashi, su ne Prado da Land Cruiser.

Abin da ya rage wa matsakaiciyar jif, kuma shi ne hujjarta mafi ƙarfi, shi ne tazarar cikinta da ƙasa. Ta Golf kimanin santimita 14 ce, ta RAV4 kuma 19 zuwa 21. A kan kwalta mai kyau wannan ba ya ƙara komai. A lungun da damina ta zaizaye, ko a kan tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da kansu, shi ne ke raba motar da ta wuce shiru da wadda ta bar salansa a hanya ko ta fasa kwanon baƙin mai. Tazarar kuma tana raguwa idan aka yi lodi. Wasu kanikawa kan ɗaga ƙaramar mota ta hanyar sa mata dogayen sifirin ko ƙarin roba a kan shokozoba. Hakan na ceton salansa, amma yana karkatar da shaf daga yadda aka tsara shi, ya sa ya riƙa ci da wuri, motar kuma ta rasa wani ɓangare na kamun ƙasan da ta fi jif da shi.