Mutum-mutumi Ba Malami Ba Ne

'Yan'uwa malamai, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajen rediyo da shafukan jaridu, wadda ya kamata a ce mu ne muka fara amsa ta, tun da a kan sana'armu ake yin ta. Duk sa'ad da aka sauke mutum-mutumin wani azzalumi daga dandalin wani birni, ko aka kankare sunansa daga wani titi, sai a ji wasu sun ɗaga murya suna cewa ana share tarihi. Suna faɗin haka cikin alhini, kai ka ce su ne marayun da tarihi ya mutu ya bari. Mu da muke riƙe da alli muna da ta cewa, domin mun san inda tarihi yake kwana, mun kuma san lokacin da aka share shi da gaske a ƙasar nan, ba mu kuwa ji kukansu a lokacin ba.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi kowanne tayar da ƙura. Edward Colston attajiri ne na birnin Bristol a Ingila, ya mutu a 1721. Ya yi shekara goma sha biyu cikin kamfanin masarautar Ingila mai fataucin bayi daga Afirka, har ya kai matsayin mataimakin shugaba. A tsawon waɗannan shekaru jiragen kamfanin sun kwashi 'yan Afirka wajen 84,000, maza da mata da ƙananan yara, ana yi musu lalas da haruffan sunan kamfanin kamar yadda ake yi wa dabbobi. Wajen 19,000 daga cikinsu sun mutu a hanya, teku ce kabarinsu. Sai a 1895, shekara 174 bayan mutuwarsa, manyan garin suka kafa masa mutum-mutumi na tagulla, suka liƙa masa allo mai yabonsa da nagarta da hikima, saboda makarantu da gidajen gajiyayyu da ya gina da dukiyarsa. Ko kalma ɗaya allon bai faɗa a kan bayi ba.

Shekara 125 yana tsaye. To, mu tambayi masu kukan tarihi: wane darasi yaron Bristol ya koya a gindinsa cikin waɗannan shekaru? Ya koyi cewa wannan mutumin kirki ne, shi ke nan. Kuma kada wani ya ce ba a bi ta lalama ba. Mutanen garin sun yi ta kai koke shekara da shekaru, har a 2018 aka yarda a ƙara allo na biyu mai faɗin gaskiya, amma aka tsaya ja-in-ja a kan kalmomin da za a rubuta har maganar ta shiririce. Ranar 7 ga Yuni 2020, makonni biyu bayan wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a Amurka, masu zanga-zanga suka ɗaura masa igiya suka tuntsurar da shi, suka gangara da shi bakin tashar jiragen ruwa suka jefa shi ciki. Bayan 'yan kwanaki aka tsamo shi, a shekarar da ta biyo aka ajiye shi a gidan tarihi na birnin, a kwance, da fentin da aka watsa masa, da bayanin ko shi wane ne. Mutum huɗu da aka gurfanar kan lamarin, kotu ta sallame su a Janairun 2022. Yau har a makarantar ƙauyen da ba ta da ƙyaure ana iya samun malamin da ya san sunan Colston da sana'arsa. Faɗuwarsa ta rana ɗaya ta koyar da abin da tsayuwarsa ta ɓoye tun zamanin kakannin kakanni.

Abin da masu kukan ba sa so a faɗa shi ne, ba don a ilimantar da kowa ake kafa mutum-mutumi ba. Girmamawa ce, kuma rayayyu ne suke ba da ita don biyan buƙatar zamaninsu. A kudancin Amurka an gama yaƙin basasa a 1865, amma akasarin gumakan janar-janar ɗin da suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta an kafa su ne shekaru da yawa bayan haka, a daidai lokacin da ake shimfiɗa dokokin wariya ana hana baƙar fata jefa ƙuri'a. An dasa su a gaban kotuna da majalisu don kowane baƙin mutum da ya zo neman haƙƙinsa ya ɗaga kai ya ga wanda yake da gari. Wanda ya ba da girma yana da ikon karɓe abinsa. Ko a gidajenmu ana tuɓe rawani idan mai shi ya ci amana, ba a kuwa taɓa cewa an share sunansa daga jerin waɗanda suka yi sarauta ba.

Akwai hujja ta biyu, ita ce mai ɗan nauyi, ba za mu raina ta ba. Suna cewa babu ɗan Adam da ba shi da tabo, in aka fara ina za a tsaya? Suna kawo misalin Gandhi, wanda shugaban Indiya ya ƙaddamar da mutum-mutuminsa a Jami'ar Ghana da ke Legon a 2016, malaman jami'ar suka yi koke saboda kalaman ƙasƙanci da ya rubuta a kan baƙaƙen fata lokacin zamansa a Afirka ta Kudu, aka ɗauke shi a Disambar 2018. Amsarmu ita ce a duba abin da aka girmama mutum dominsa, da kuma ƙofar gidan wanda aka dasa shi. Indiya tana da dalilinta na girmama Gandhi, babu mai hana ta. Ɗalibin Ghana kuwa ba dole ba ne ya riƙa gaishe shi kowace safiya a hanyarsa ta zuwa aji. Shi kuwa Cecil Rhodes, wanda ɗaliban Jami'ar Cape Town suka sa aka ɗauke nasa a Afrilun 2015, ƙwacen ƙasa da danne baƙar fata su ne ainihin aikinsa, su ne suka kai shi kan dakalin. Tambayar ina za a tsaya tana da amsa, sai dai amsar tana buƙatar karatu da muhawara a kan kowane mutum shi kaɗai, abin da masu tambayar suke gudu ke nan.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, tun da al'adarmu da addinin akasarinmu ba su san kafa gunkin mutum a dandali ba. Ai namu gumakan sunaye ne. Majalisar dokokin Jihar Kaduna tana zama ne a ginin da har yau ake kira da sunan Lugga, wato Frederick Lugard, wanda dakarunsa suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi tare da ɗaruruwan mutanensa a watan Yuli. A 1906 talakawa da gudaddun bayi na ƙauyen Satiru, kudu da Sakkwato, suka yi tawaye suka kashe Turawa uku. Aka tura musu runduna, aka karkashe mutum wajen 2,000, aka baje garin, aka haramta sake zama a cikinsa. Ku shiga kowane aji shida ku tambayi yara ina ne Satiru. Ku tambayi ma ɗakin malamai, in kuna da ƙarfin hali. Sunan wanda ya ba da umarni yana nan a kan ginin da ake yi mana doka, sunan waɗanda aka kashe kuwa ko a ƙarshen littafi babu shi. Idan ana neman tarihin da aka share, ga shi nan.

Ba mu ce a taɓa ko bulo ɗaya na ginin ba. Gini shaida ne, a ciki aka yi muhawarorin majalisar Arewa kafin samun 'yanci. Abin da muke cewa shi ne a sauya sunan, a kafa allo a ƙofa, da Hausa da Turanci da ajami, mai faɗin wanda ya mulki ƙasar nan da bakin bindiga da abin da ya faru a Burmi da Satiru, a kuma riƙa kai 'yan makaranta su karanta. Abin mamaki, masu kishin kayan tarihi da suke tada jijiyar wuya saboda tagullar Bristol ba a cika jin su ba a kan ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, ake ta yankar ta ana gina shaguna a kai.

Laifi tudu ne, don haka kada mu taka namu mu tsaya hangen na Bature. Ma'aunin da muka auna Lugga da shi ba ya canzawa idan mai sunan ɗan gida ne. Babban filin wasa na Kano yana ɗauke da sunan Janar Sani Abacha, wanda a mulkinsa aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995, wanda kuma har bayan shekaru ashirin da rasuwarsa ƙasashen waje suna ta maido da kuɗin da aka kwasa a zamaninsa. Mun san akwai masu ƙaunarsa a cikinmu, suna tuna hanyoyi da magunguna na asusun rarar man fetur. To, a zauna a yi muhawarar a fili. Haka nan darasin Satiru ba ya cika sai an faɗi cewa sarakunan lokacin sun mara wa Turawa baya, an kuma faɗi cewa gudaddun bayin nan daga gandayen mutanenmu suka gudo. Malamin da zai iya faɗin laifin Colston amma harshensa ya yi nauyi a nan, rabin darasi ya koyar.

Sai dai kada gwamnatoci su ji wannan su ɗauka mun ba su hanya mai sauƙi. Sauya suna ba ya cin kuɗi, shi ya sa masu mulki suke son sa. A Oktoban 2024 hukumomin soja na Nijar sun cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a Yamai suka sa na Djibo Bakary, suka kuma maye hoton wani hafsan Faransa mai suna Monteil da na Thomas Sankara. Ba mu ga aibin haka ba. Ƙasar da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa a 1899 tana ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙonni, tana da bashin da za ta bi. Amma tambayar da za mu yi wa 'yan'uwanmu malaman can ita ce wadda muke yi wa kanmu: yaron da ya bi ta sabon titin, akwai wanda ya koya masa abin da Djibo Bakary ya yi a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958? In babu, an bar jaki ana dukan taiki, an sauke allon da ba ya koyar da komai an ɗora wani irinsa.

A nan ne maganar ta dawo gidanmu. A manhajar ilimin bai-ɗaya da aka fito da ita a 2007, an cire tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka narkar da ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. Babu igiya, babu zanga-zanga, da alƙalami aka yi shi a ofis. Yaran da suka shiga aji ɗaya a lokacin yau sun girma, wasunsu ma suna koyarwa tare da mu, ba a taɓa tsayawa an ba su labarin ƙasarsu daga farko zuwa ƙarshe ba. Ɗalibai suka guje wa sashen tarihi a kwalejojin ilimi, don wa zai karanci abin da ba za a ɗauke shi aiki a kansa ba? A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin maido da darasin, ta ce za ta horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Ku yi lissafin da kanku. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, wato kowacce ba ta samu malami uku ba. A makarantu da yawa darasin yana nan a jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta, amma babu littafi, babu taswira, wanda ake tura wa ajin kuwa shi ne duk malamin da aka ga ba shi da aiki a wannan sa'ar.

Saboda haka muke kira ga shugabannin wannan reshe da su sa maganar cikin ajandar taro mai zuwa, su kuma kai ta gaban hukumar ilimi a rubuce. Muna son a ƙidaya makarantun yankinmu da suke da malamin da ya karanci tarihi, a buga adadin a wannan mujalla ko da zai ba mu kunya. Muna son littafin tarihi na firamare da Hausa, wanda Burmi da Satiru da Sarauniya Mangu suke ciki, da cinikin bayi na teku da na hamada da na cikin gida. Muna son a ware kuɗin mota don kowane aji shida ya ziyarci gidan tarihi mafi kusa da shi sau ɗaya kafin ya fita, ko Gidan Makama ne, ko na Kaduna, ko na Jos. Iyayen yara da ke karanta wannan shafi kuma, idan an zo taron iyaye da malamai na zangon nan, ku tambayi hedimasta wace rana ce ake darasin tarihi, wane ne kuma yake koyar da shi.