Suturar Mai Juna Biyu: A Rage Ta Ranar Suna, A Ƙara Ta Wata Tara

Maganarmu ta makon nan a kan suturar mace mai juna biyu ce, musamman a gidan da samu bai taka kara ya karya ba, kuma da garin Potiskum na Jihar Yobe za mu yi misali.

Potiskum gari ne na kasuwa, yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri. Kasuwar shanunsa da ke ci ran Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga cinikin hatsi, ga manyan motocin dakon kaya da suka yi wa garin suna. Saboda haka da yawa daga cikin magidantansa ba 'yan albashi ba ne: direbobi ne da yaran mota, da dillalai, da 'yan dako, da manoma. Yau a samu da yawa, gobe a wayi gari babu. To, a irin wannan gida, in ba a yi shawara da wuri ba, suturar mai ciki ita ce abin da kan faɗo ƙarshen lissafi.

Ga yadda abin yakan kasance. Daga wata na huɗu ko na biyar kayan akwati su fara matse mace, domin yawancinsu ɗinkin yayi ne, siket da riga da aka yi wa awo daidai jikin amarci. Likitoci sun ce mace mai matsakaicin jiki takan ƙaru da kilo 11 zuwa 16 kafin ta sauka, kuma ba cikin kaɗai ke ɗaukar wannan nauyi ba, har da ƙirji da ƙugu da damatsa. In cikin fari ne kuwa, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ta ce wa miji kayanta sun yi mata kaɗan ba. Sai ta yi ta fama da riga ɗaya ko biyu, zif a buɗe a baya, ta rufa da hijabi. Shi kuwa maigida hankalinsa yana can wajen ragon suna da kayan fitar suna, wato atamfa da leshi da mayafi da takalmi da jaka, waɗanda za a sa yini guda a ɗauki hoto a mayar akwati. Wani ma har bashi yake ci domin kada dangi su raina shi. Ba mu ce kada a yi wa maijego kwalliya ba, ta cancanci fiye da haka. Amma tufatar da mace hakki ne a kan miji a shari'a, kuma hakkin bai ce sai ranar da baƙi za su gani ba.

Tsadar tufa kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba. A da atamfar talaka daga Kaduna take fitowa. Masaƙar farko ta garin, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ita ma UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Yawancin atamfar da 'yan kasuwar Potiskum ke sarowa daga Kantin Kwari a Kano daga ƙasashen waje take zuwa, musamman Sin, saboda haka farashinta dala yake bi. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, sai kuɗin sari da kuɗin mota suka haɗu suka hau kan turmi ɗaya.

To, mece ce dabara? Ta farko dai iyayenmu sun riga mu saninta. Matan Turai sukan sayi riguna na musamman domin ciki, in sun haihu su ajiye, saboda kayansu duka a kan awon ƙugu aka ɗinka su. Mu kuwa muna da zani. Zani ba ya sanin wata uku ko wata tara, ɗauri kawai ake sassautawa. Bayan haihuwa shi ne na wankan jego, shi ne na goyo, in ya tsufa ya zama shimfiɗar jariri. Saboda haka wadda ke da turmi a cikin lefe wanda almakashi bai taɓa ba, kada ta yarda tela ya yayyanka shi a siket. Turmi yadi 6 ne. A fitar da yadi 2 na zani, a yi masa kalmasa kurum, a ɗinka buba mai faɗi da yadi 2, abin da ya saura a cire ɗankwali a ajiye ragowar. Turmi biyu da aka yi wa haka, da doguwar riga ɗaya ta zuwa awo da unguwa, sun isa su kai mace ga haihuwa cikin mutunci.

Wajen tela sai a yi magana a fili, in kunya ta hana a tura yaya ko ƙanwar uwa. A ce masa ya bar rarar yadi ta ciki a gefe da gefe, kamar inci biyu, yadda za a iya farkewa a ƙara faɗi in ciki ya tsufa, a kuma tsuke bayan arba'in. Gaban riga ya ɗara bayanta tsawo kaɗan, domin ciki kan ɗage ta. Zif ko maɓalli kuwa a gaba za a sa, saboda rigar za ta yi aikin shayarwa har kusan shekara biyu. Kuma a guji kai ɗinki ana gab da Salla, lokacin da kuɗin ɗinki kan tashi, alkawarin tela kuma ya zama na gobe da jibi.

Sai batun irin yadin, kuma a nan ne araha kan cuci mutum. A Potiskum zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ga mai ciki dama jikinta ya fi na kowa ɗumi. Atamfa mai roba ta fi sauƙin kuɗi, tana kuma da ƙyalli a rumfa, amma ba ta shan gumi, ƙarshenta ƙuraje da ƙaiƙayi a ƙarƙashin mama da matsematsi. Gane ta ba wuya. A zare zare ɗaya daga bakin yadin a kusanta shi da ashana: na auduga zai ci ya zama toka mai laushi, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule. Gara turmi ɗaya na auduga da biyu na roba.

Gwanjo ma ba abin kunya ba ne, ko da yake wasu sai sun waiwaya hagu da dama kafin su tsuguna gaban mai shi. Akan dace da dogayen riguna na auduga masu faɗi, da rigar sanyi ga wadda cikinta zai tsufa da hunturu, musamman in an je ranar da aka fasa dila. Sai dai a duba hammata da bakin zif, a wanke da sabulu, a shanya a rana sosai, a goge kafin a sa. Kayan ciki kam sababbi za a saya, ko da guda biyu ne, kuma a jinkirta sayen rigar mama zuwa wajen wata na bakwai, don kada a saya ta yi kaɗan. Aro tsakanin ya da ƙanwa kuwa tsohuwar al'ada ce, mu ne muka fara jin nauyinta.

Takalmi ya zama shimfiɗaɗɗe mai ɗan yalwa, domin ƙafa takan kumbura a watannin ƙarshe. Amma fa a kula: in kumburin ya zo farat ɗaya, ya kama fuska da hannaye, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba maganar takalmi ba ce. Alama ce ta hawan jini wanda kan kai ga jijjiga, sai a nufi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu, kowace tafiya kuwa da kuɗin Keke Napep da na magani. Abin da aka rage daga leshin suna, nan ya kamata ya tafi, a kuma ware wani abu a ɗaure domin motar dare in naƙuda ta zo ba shiri.

Ku kuma masu gida, ba sai an roƙe ku ba. Ranar da kasuwa ta yi kyau, ko aka dawo daga Legas da ɗan canji, ko aka sayar da wake da kaka, sai a biya rumfar atamfa a ɗauki turmi ɗaya na auduga, a haɗa da kuɗin ɗinki, a miƙa wa uwargida tun ciki yana wata uku.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kayan jariri, da waɗanda ake saye ba a taɓa amfani da su.