Jitar lantarki: a ɗauke ta da kwalliyarta ko a bari sai wajen miksin?

1/ Zaren nan na 'yan uwana ne na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da suka fara taɓa jitar lantarki. Mu kaɗan ne, na sani, kiɗan waƙarmu a fiyano ake buga shi. Amma akwai gardamar da muke ta yi, kuma kuɗi take ci 🧵

2/ Wasu sun ce ka jona fedal da amfilifaya, a ɗauki sautin yadda kake so ya fito, shikenan. Wasu sun ce a'a, a ɗauka gaya, in ya so furodusa ya yi masa kwalliya a FL Studio ko Cubase. Ni dai ra'ayina, kwalliyar ba iri ɗaya ba ce, bai kamata a yi mata kuɗin goro ba.

3/ Kaushin sauti, wannan gurnanin da jita ke yi in an matsa mata, kamar daddawa yake, tare da miya ake dafa shi. Yana matse sautin, yana sa tsirkiya ta daɗe tana kuka. Yatsunka kuma abin da kunne ya ji suke bi: ka riƙe nan, ka saki can, ka sassauta bugu.

4/ In ka buga gaya aka liƙa gurnanin daga baya, wani bugun daban ne aka yi wa ado. Ƙananan kurakuran da ba ka ji ba duk sai su taso. Wani zai ce ai kana iya jin sa ta kwamfuta kana bugawa. Gaskiya ne, in kwamfutar mai ƙarfi ce. Irin namu na ɗalibai sai ka buga sannan sautin ya iso, kiɗa ya karkace.

5/ Ku saurari Afrique Victime na Mdou Moctar, 2021. Wa zai raba wannan jitar da gurnaninta? Af, kun san a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008? Da Auto-Tune irin na waƙoƙin Hausa a muryarsa, kuma ta katin waya ya yaɗu.

6/ Amsa-kuwwa da maimaicin sauti kuwa yaji ne, a faranti ake barbaɗawa. Ka ɗauka da su, sun zauna kenan, babu mai cire su.

7/ A waƙar Hausa murya ce sarki. Jita ita kaɗai da amsa-kuwwa daɗi kamar me. Sai an ɗora murya da ganga ka ji ta cika fili, baitin ya nutse, musamman a sifikar waya inda yawancin mutanenmu za su ji ta. In furodusa ya yanke wani wuri ya matsar, jelar amon ta gutsure, kowa ya ji ɗinkin. Ka ji su a kunne kana bugawa in kana so, amma kada su shiga fayil.

8/ Ga kuma janareta. In wayarin ɗakin ba shi da kyau, akwai zuuu ɗin da ke bin waya ya shiga jita, fedal ɗin kaushi kuma ƙara masa ƙarfi yake. Ku saurara a shiru kafin a danna ɗauka.

9/ Abin da ya fi damuna shi ne hanya. Ɗan Kano in abu ya ɓaci, gobe ya koma sitidiyo a Zoo Road. Kai da ka taso daga Sabuwa ko Faskari zuwa Funtuwa ko Zariya fa? Kuɗin mota, kuɗin sitidiyo, ga Hajiya tana ta kira har sai ka ce ka sauka lafiya. Wallahi ba tafiyar da za ka maimaita don amo ya yi yawa ba ce.

10/ Shi ya sa nake cewa a ɗauki layi 2 lokaci ɗaya. Akwai ɗan akwatin DI da ke raba sautin: ɗaya ya tafi amfilifaya makirfo ya ɗauka da gurnaninsa, ɗayan ya shiga kwamfuta gaya. In na farkon bai zauna a waƙar ba, a gyara da na biyun kana zaune a gida.

11/ Kafin ka biya kafin alƙalami, tambayi furodusa ko na'urarsa tana karɓar layi 2. In kun gama ya zuba maka duka biyun a filashi, WAV ba MP3 ba, kuma kada ka yarda da "zan turo maka ta WhatsApp".