Faransanci ma jikan makiyaya ne

Ina CE2 aka rataya mini sambol a wuya, don na yi wa abokina magana da Hausa cikin aji. Mushe ya ce Faransanci harshen ilimi ne, namu kuwa na kasuwa. Na daɗe da yarda da shi, kuma har gobe ina jin iyaye suna faɗa wa ƴaƴansu haka.

Da na san asalin Faransanci a lokacin, da ban sunkuyar da kai ba. Daga Latin ya fito, Latin kuma reshe ne na wani tsohon harshe da ba a taɓa rubutawa ba. A 1786, a Kalkata, wani alƙali Bature, William Jones, ya nuna cewa Sanskrit na Indiya da Girkanci da Latin tushensu ɗaya. Uba a Latin pater ne, a Sanskrit pitar, a Faransanci père. Da irin wannan kwatance masana suka sake gina kakan harsunan Indiya da Turai, kalma bayan kalma.

Su wa suka yi magana da shi? Colin Renfrew ya ce manoman Anatoliya ne, Turkiyya ta yau. Amma yawancin masana sun fi karkata ga makiyayan filayen arewacin Baƙin Teku, inda Yukren da kudancin Rasha suke, shekara 5000 zuwa 6000 da suka wuce. Binciken ƙwayoyin halitta na tsofaffin ƙasusuwa a 2015 ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Harshensu yana da sunan doki, da tunkiya, da ƙafar amalanke. Abin da ya fi ba ni dariya: kalmarsu ta dabbobin kiwo, peku, ita ta haifi pecunia, wato kuɗi a Latin, har ta kai ga pécuniaire. Ashe su ma garke ne dukiyarsu, kamar a Dakoro ko Abalak.

Ina ganin ya kamata malamai su ba wannan labari ko da awa guda a kolej. Yaro ya koyi Faransanci sosai, zai yi masa amfani, amma ya san lekol da littattafai da mulki ne suka ɗaukaka shi, ba haihuwa ba. A gaya masa kuma Hausa tana da nata dangi, ita da Tamajak da Larabci. Ya kwatanta "mutu" da maut, ko "suna" da ism, ya gani da idonsa a allo.