Kira ga Hukumomin Lafiya: A Buɗe wa Masu Ciwon Dajin Pankiriyas Hanyar Gaggawa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayya, da shugabannin Cibiyar Bincike da Magance Ciwon Daji ta Ƙasa, wato NICRAT, da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, da masu girma gwamnoni da kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa.

 

Ranku ya daɗe, na ɗauki alƙalami ne a madadin wasu marasa lafiya da ba a cika jin muryarsu ba. Ba su da ƙungiya, ba sa hawa rediyo su koka, domin ciwon da ke damunsu ba ya ba su lokacin yin haka. Su ne masu ciwon dajin pankiriyas. Buƙatata guda ce, sauran duk rassanta ne: a gajarta tazarar da ke tsakanin ranar da idon dattijo ya yi rawaya da ranar da zai zauna gaban likitan da ya san abin yi.

Pankiriyas tsoka ce siririya, tsawonta kamar santimita 15, kwance can cikin ciki a bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Ita ke zubo ruwan da ke narkar da abinci a hanji, ita ce kuma ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Kanta yana manne da farkon ƙaramin hanji, kuma bututun da ke sauko da ruwan matsarmama daga hanta ta cikin kan nan yake ratsawa. Saboda zurfin inda take, ƙari kan yi watanni yana girma ba tare da hannun likita ya taɓo shi ba. A ƙididdigar cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mutane fiye da 500,000 ne suka kamu da wannan ciwo a shekarar 2022, fiye da 460,000 kuma suka rasu a dalilinsa. Ko a Amurka, da duk kayan aikinsu, kimanin 13 ne kawai cikin 100 ke kaiwa shekara biyar bayan an gano shi. Tiyata ce kaɗai ke iya raba mutum da shi, amma 15 zuwa 20 cikin 100 ne ke zuwa asibiti tun tana yiwuwa.

Waɗannan alƙaluma na iya sa mai tsara kasafi ya ce a karkata kuɗin wani wajen. Ina roƙon kada a fahimce su haka. Abin da suke nunawa shi ne, a wannan ciwo kowane mako yana da daraja, mu kuma makonni muke zubarwa a hanya.

Ga yadda abin ke faruwa a garuruwanmu. Magidanci mai shekara hamsin da wani abu zai fara jin ciwo a saman ciki yana ratsawa zuwa baya, ya fi tsananta idan ya kwanta, ya ɗan lafa idan ya duƙa gaba. Sai a ce olsa ce, a sayo magani a kemis. Abinci ya fita ransa, tufafi su yi masa yawa, a ce taifot. Daga nan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bahaya ya koma fari-fari, ƙaiƙayi ya hana shi barci. Sai a ce ciwon shawara ne, a haɗa jiƙo da sassaƙe. Babu wanda za a zarga a nan, domin ciwon hanta ya yawaita a cikinmu, kuma shi ne ya fi zuwa a rai. Sai dai shawarar da ta kama mai manyan shekaru, ba zazzaɓi, ga rama, sau da yawa alama ce ta cewa wani abu ya toshe bututun matsarmama. Yawancin ƙarin pankiriyas a kanta yake fitowa, don haka rawayar ido na iya zama gargaɗin farko, wani lokaci ma tun akwai sauran dama. Haka nan ciwon sukari da ya bayyana farat ɗaya ga wanda ya haura hamsin, ba ƙiba gare shi ba, kuma yana ta ramewa.

Roƙona na farko shi ne a kafa ƙa'ida rubutacciya da za ta isa kowane asibitin sha-ka-tafi da kowane babban asibitin ƙaramar hukuma. A Ingila, ƙa'idar da suka fitar a 2015 ta ce duk mai shekara 40 zuwa sama da ya zo da shawara a tura shi ga ƙwararru cikin mako biyu. Mu ma za mu iya tsara tamu daidai ƙarfinmu: gwajin hanta da sikanin ciki cikin 'yan kwanaki, idan aka ga bututun ya kumbura a ba majinyacin takardar da za ta tsallake da shi layi zuwa asibitin koyarwa. A sanar da ma'aikatan lafiya na karkara, da masu kemis, da masu maganin gargajiya, tunda wurinsu ake fara zuwa. A yi bayani a rediyo da Hausa da Fulfulde da Kanuri. Wannan mataki ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma zai ceci masu tsakuwar matsarmama da masu ciwon hanta tare da masu daji.

Na biyu, kayan bincike. Sikanin ciki na yau da kullum yakan kasa hango pankiriyas saboda iskar hanji. Hoton CT da aka ɗauka bayan allurar ruwan da ke haska jijiyoyi shi ke nuna girman ƙarin, da ko ya naɗe manyan jijiyoyin jini, da ko ya kai hanta. Sayen na'ura bai wadatar ba, sai an haɗa da kwangilar gyara, da tsayayyar wutar lantarki, da masu karanta hoton. Muna buƙatar na'urar da ake zurawa ta baki mai sikani a bakinta, wadda ke kaiwa dab da pankiriyas a tsinko ɗan nama da allura, da kuma likitocin da za su duba naman su ba da sakamako cikin kwanaki. Gwajin jini na CA 19-9 yana taimakawa wajen bin diddigin magani, amma ba a yanke hukunci da shi kaɗai, domin toshewar bututu ma na ɗaga shi, wasu mutanen kuma jikinsu ba ya samar da shi sam.

Dalilin nacewa kan tantancewa shi ne, ba kowane ƙari a pankiriyas ne hukuncin mutuwa ba. Kusan 90 cikin 100 nau'in nan ne mai saurin yaɗuwa da ke tasowa daga bututun cikinta. Amma akwai waɗanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke yin sinadaran jiki, galibinsu a hankali suke tafiya; irinsa ne aka gano wa Steve Jobs na kamfanin Apple a 2003, ya rayu har 2011. A cikinsu akwai ɗan ƙarin da ke kwararo insulin fiye da kima. Mai shi kan yi gumi da karkarwa, hankalinsa ya gushe ko ya faɗi, musamman da asuba ko yana azumi, ya farfaɗo da zarar ya sha abu mai zaƙi. Akan ɗauke shi a matsayin mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali, alhali yawancin irin wannan ƙari ba daji ba ne, cire shi kawai za a yi ya warke. Akwai wani nau'in da ya fi kama 'yan mata da matasan mata, shi ma tiyata na maganinsa. Har tarin fuka kan kama pankiriyas ya yi kama da daji a hoto. Duk wanda aka sallama gida a kan zato, ba tare da tantancewa ba, mai yiwuwa an hana shi warakar da ke hannu.

Na uku, tiyata. Aikin da ake yi wa ƙarin kan pankiriyas ana kiransa da sunan Allen Whipple, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan pankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, da wani sashe na bututunta, wani lokaci har da ƙasan tumbi, sannan a sake ɗinke hanyoyin. A shekarun 1960 da 1970, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa ba sa fita asibiti da rai. Yau a manyan cibiyoyi adadin ya sauko ƙasa da 5 cikin 100, kuma babban sirrin shi ne yawan yi: inda ake yin aikin a kai a kai, likitan tiyata da mai sa barci da ma'aikatan jinya duk sun san inda haɗari ke ɓullowa. Don haka ba na roƙon a raba aikin ga kowace jiha. A zaɓi biyu ko uku daga asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos, a ƙarfafa su da ɗakin kulawa ta musamman da ma'ajiyar jini, a tura matasan likitoci horo, a kuma kyautata musu yadda za su zauna a gida. A wajabta zaman mako-mako na likitan tiyata da na daji da mai karanta hoto da mai duba nama a kan kowane majinyaci.

Na huɗu, kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita. Iyalai na sayar da gona da shanu, wasu su ci bashi su nufi Masar ko Indiya, su dawo ba mara lafiya ba dukiya. Mun yaba da Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji da aka fara da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Muna roƙon a faɗaɗa shi ya haɗa da pankiriyas. Magungunan daji suna da amfani a zahiri: wani bincike da likitocin Faransa da Kanada suka wallafa a 2018 ya nuna waɗanda aka ba haɗin FOLFIRINOX bayan tiyata sun rayu matsakaicin wata 54, waɗanda aka ba gemcitabine kaɗai kuma wata 35. Tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ya dace NHIA da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su sa hoton CT da gwajin nama da waɗannan magunguna cikin abin da suke biya.

Na biyar, kuma shi ya fi shafar mafi yawa, sauƙaƙa wa waɗanda tiyata ta wuce. Rashin waraka ba ya nufin aikin likita ya ƙare. Ɗan bututun da ake sakawa ta baki a buɗe hanyar matsarmama yana kawar da rawayar ido da ƙaiƙayi cikin kwanaki. Ƙwayoyin narkar da abinci suna rage zawo da rama. Akwai allurar da ke kashe jijiyoyin da ke kai raɗaɗin baya. Ruwan mofin na sha ba shi da tsada, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mun san ɓarnar da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu, mun kuma goyi bayan hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma kada tsoron 'yan shaye-shaye ya sa a bar tsoho yana murƙususu har ya cika. A tanadi mofin bisa tsari da lissafi a kowane babban asibiti, a horar da ma'aikatan da za su bi majinyaci gida, a koya wa likitoci yadda za su faɗa wa iyali gaskiya cikin tausayi, don mutum ya samu damar yin wasiyya, ya biya bashi, ya nemi yafiya.

A ƙarshe, a ƙarfafa rajistar masu daji a asibitocinmu domin tsari ya tsaya a kan ƙidaya, a kuma zartar da dokar taƙaita shan taba ta 2015 da gaske, har da shisha. Taba na ninka haɗarin wannan ciwo kusan sau biyu.

Ranku ya daɗe, a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Kafin a kai can, ƙa'idar tura masu shawara da tanadin mofin abubuwa ne da sa hannunku kawai suke jira. Ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya. Muna fatan kafin ta sake zagayowa za mu ji sanarwar ƙa'idar, mu kuma ji sunayen cibiyoyin da aka zaɓa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa ku gama da jama'arku lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Ɗan ƙasa mai fatan alheri